Ƙwan da Ya Ƙi Ɓaruwa

Shekara goma sha tara Inna ta yi tana dafa ƙwai a kicin ɗin asibitin, ba ta taɓa aika wa majinyaci ƙwai mai rami a jiki ba. Yau ga shi tana riƙe da na bakwai, shi ma ɓawon ya tafi da rabin farin, ya bar shi kamar wanda ɓera ya gaigaya. Saura ɗari da ɗoriya a cikin ruwan ƙanƙara suna jiranta.

Gabanta ya faɗi, domin ta san dalili. Sabon ƙwai ba ya ɓaruwa, ko da wane irin lallami. Sai ya kwana bakwai ko goma a firji, tsininsa na kallon ƙasa, sannan ɓawon yake sakin jiki. Shi ya sa ake rubuta kwanan wata a gefen kowane kiret. Abin da ba wanda ya sani shi ne, Inna ta kusa shekara ba ta ganin wannan rubutun. Yanar ido ce take rufe mata gani sannu a hankali, ita kuwa ta ja bakinta ta tsuke, don tana tsoron ranar da aka gane, ranar za a sallame ta. Sai ta yi dabara: tsofaffin kiret a hagu, sababbi a dama. Hannunta kawai take miƙawa.

To, jiya sabon mai kula da sito, bawan Allah mai shegen son gyara, ya wanke firjin fes, ya sake jera komai yadda ya yi masa kyau. Da safe Inna ta miƙa hannu hagu, ta kwaso ƙwan da aka kawo shekaranjiya.

Tana cikin fama shugabar kicin ta shigo. Yarinya ce, a shekaru Inna ta yi jika da ita ma, amma ba ta wasa da aiki. Ta dubi faranti, ta dubi Inna.

"Inna, lafiya? Wannan ai ba irin aikinki ba ne."

"Wallahi, ranki ya daɗe, ƙwan yanzu ne sai a hankali. Kajin ma ban san me ake ba su ba."

Shugabar ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko kiret ɗin da babu komai ciki, ta miƙa mata. "Na yaushe ne wannan? Duba mana."

Inna ta karɓa, ta ƙura ido, zufa na bin wuyanta. Hazo kawai take gani. Ta yi shahada ta ce, "Na uku ga wata ne."

Sannan shugabar ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Inna, babu rubutu a wannan gefen."

Kunya ta lulluɓe Inna.

"Tun yaushe?"

"Tun bara, 'yar nan."

"Ƙwai ba komai ba ne, a yanka shi a ba majinyata haka. Amma takardun da ake liƙawa a faranti, na masu ciwon suga da na masu hawan jini, wa yake karanta miki su?"

Ba wanda yake karanta wa Inna su. Su ma hagu da dama take jera su. Ta ajiye kiret ɗin, ta kai hannu baya tana laluben igiyar rigar aikinta don ta kwance ta, ta san aiki ya ƙare.