A Canza Mana Raga

Tun kafin in ajiye jakata aka miƙo mini awartakin juya nama. Haka ake yi, ƙaramin ma'aikaci a ofis shi ke gashi, manya su ci. Ban yi musu ba, don akwai abin da ya kawo ni. Watanni ke nan shugaban sashenmu, Kuramochi, yana danne da shawarar da na rubuta, cewa gidajen abincin gundumarmu su riƙa ƙunshe wa mutane abin da suka rage su tafi da shi gida. In bai buga mata hatiminsa ba, ba za ta shiga taron majalisar bana ba. Kullum na tambaya sai ya ce, "Ma yi maganar a wajen cin nama."

To ga mu a wajen cin naman, ni da shi da mataimakinsa Nagamine. Mu ne sashen yaƙi da ɓarnar abinci, kuma bikin kammala gangaminmu muke yi a gidan da za ka biya sau ɗaya ka ci har lokacinka ya ƙare. A bango an rubuta cewa duk wanda ya rage nama za a ci shi tara.

Na gasa harshen saniya, na gasa haƙarƙari, na gasa hanji. Kitse yana ɗiga a garwashi, wuta tana tashi, hayaƙi yana shiga idona. Kuramochi ya ɗaura ƙyallen takarda a wuya kamar jariri, maiƙo ya gangaro masa har haɓa. Ko tauna kirki ba ya yi. Sau biyu ina buɗe baki kan shawarata, yana nuna mini ragar gashin naman da tsinken cin abinci.

"Kanae, kina ƙona mini harshe. A jami'ar taku ba a koyar da juya nama ne?"

"Ai ita digirinta na shara ne, Yallaɓai," in ji Nagamine, suka bushe da dariya.

Mai hidima ta zo ta durƙusa ta ce odar ƙarshe ce. A lokacin Kuramochi ya riga ya sassauta bel, Nagamine kuwa numfashi yake da baki. Na ce mun ƙoshi.

"Wa ya ƙoshi? An riga an biya, yarinya. Kawo haƙarƙari, kawo hanji, ƙaro harshe. Kai Nagamine, ka mutu ne?"

"Da saurana, Yallaɓai."

Ba shi da saura. Faranti suka cika teburin har aka ɗora wasu kan wasu. Kowannensu ya ɗauki yanka ɗaya ya ajiye tsinke. Naman ya zauna yana tsattsafar da jan ruwa, kitsen gefensa ya fara daskarewa.

Kuramochi ya sunkuyo, warin giya da tafarnuwa ya buge ni. "Zuba shi duka a wuta. Ki bar shi ya zama gawayi, sai ki ce a canza mana raga. Da ragar za su tafi da shi. Wa ke cin tarar gawayi?"

"Kowa haka yake yi," in ji Nagamine yana sakace haƙori.

Kowa haka yake yi. Da wannan magana ake kashe duk wani gyara a ƙasar nan. Mu da muka bi makarantu muna gaya wa yara kada su bar ƙwayar shinkafa a kwano, mu ne za mu ƙona saniya guda don kada a ce mun rage.

"Yallaɓai, mu roƙe su su ƙunshe mana mana. Ai abin da na rubuta ke nan."

"Ɗanyen nama? Ba sa bayarwa. Gasa, 'yar boko. Gobe ki kawo takardar taki in buga miki, mu huta da ke."

Ya faɗa a fili ke nan. Awartakin yana hannuna, farantin hanji yana gabana. Na dubi farantin. Na ajiye awartakin, na danna ƙararrawar kiran mai hidima.

Da mai hidimar ta zo na ce, "Mun yi odar abin da ya fi ƙarfinmu. Duk wannan mun rage. A ci mu tarar."

Na faɗa da ƙarfi, har mutanen teburin kusa suka waiwayo. Kunnuwan Kuramochi suka yi ja. Nagamine ya kafa ido a kofinsa.

Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai. "Ku yi haƙuri, ko naman ne bai yi daɗi ba? Kada ku damu da tara, ranku ya daɗe. Rubutawa kawai aka yi."

Ta jawo bokiti daga ƙasan keken da take turo abinci a kai, ta riƙa juye farantan ɗaya bayan ɗaya. Harshe da hanji suka faɗa kan guntun shinkafa da jiƙaƙƙun takardun goge baki na wasu teburan. Ta goge mana tebur, ta kawo alewar wanke baki, ta gode mana.

Kuramochi ya cire ƙyallen wuyansa ya ninke shi a hankali. Bai ɗaga murya ba. Da sunan gidanmu ma ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Malama Uesugi, na sake tunani. Shawararki tana da muhimmanci ƙwarai. Abu mai muhimmanci haka bai kamata a yi masa gaggawa ba. Za mu nazarce ta da kyau, wataƙila baɗi."

"Gaskiya ne, Yallaɓai," in ji Nagamine, ya yi gyatsa a bayan hannunsa.

A bakin ƙofa na riƙe wa Kuramochi kwat ɗinsa ya sa, don har yanzu ni ce ƙarama. Suka nufi gidan waƙa. Ni na tsaya a gefen titi, na sunkuya kan magudanar ruwa zan yi amai, amma ba abin da ya fito. Sai a lokacin na lura ban ci komai ba.