Baƙon Alhaji Umara

Tun ranar da jiri ya kayar da Alhaji Umara a shagonsa na huluna, tukunyar Hajja Humaira ta canza kama. Likita ya ce hawan jini ne, a rage kitse da gishiri, a yawaita ganye da 'ya'yan itace. Ita ce ta zauna a kansa a asibiti, don haka ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Yau miyar alayyafo, gobe kwaɗon zogale, bayan abinci kuma kankana ko gwanda. Alhaji yana ci yana ƙorafi, wai duk shekarun da ya yi yana ciyar da gida, sakamakonsa ke nan a mayar da shi akuya.

Sai dai akwai ƙa'idar da Hajja ta taso da ita tun a gidansu a unguwar Shehuri: ba a ajiye wa baƙo ganye, kuma maigida ba ya barin baƙo ya ci shi kaɗai. Alhaji ya san da wannan sarai.

Maƙwabcinsu a unguwar Gomari, Malam Manasse, wanda ake kira Baban Gift, tsohon malamin firamare ne. Shekara da shekaru gaisuwa ce kawai tsakaninsa da Alhaji, amma kwatsam sai ya zama baƙo. Da an idar da azahar Alhaji zai leƙo ya ce a ɗora tukunya, ga Baban Gift nan ya zo. Hajja ta aika wurin mahauci, ta yi farfesun kayan ciki, tana jiyo su a zaure suna tsotsar ƙashi suna zancen duniya. Ranar da Malam bai zo ba kuwa, Alhaji ne zai saka babbar riga ya ce rama ziyara wajibi ne. Ya dawo da tsinken sakace a baki, ya ce yau cikinsa ba ya son komai.

A wurin mai kayan miya asiri ya tonu. Hajja ta kai hannu kan damin zogale, wani hannun ma ya sauka a kai. Ta ɗaga ido, sai ga Susanna, matar Malam Manasse. Bayan gaisuwa Susanna ta fara kukanta: an ce wa Baban Gift jininsa ya hau, ta hana shi nama, to amma Alhaji ba ya rabuwa da gidan, ita kuma kunya take ji ta ajiye wa babban mutum ganye.

"Maman Gift," in ji Hajja, "wace rana yake zuwa gidanki?"

Susanna ta faɗa. Hajja ta faɗi nata ranakun. Suka haɗa, sai suka ga ba rana ɗaya a mako da mazan nan suke kwana babu nama. Suka yi dariya har mai kayan miya ya tambayi ko lafiya. Hajja ce ta fara dainawa, domin ta tuna da gadon asibitin nan.

Washegari Malam Manasse ya iso da sallamarsa. Aka fito da babban tire, an rufe shi da faifai mai ado wanda sai baƙin kunya ake ɗauko wa. Alhaji ya naɗe hannun riga ya buɗe. Kwaɗon zogale ne tuli, gefe ga kabeji da karas da gurji.

Daga bayan labule Hajja ta ce, "Baban Gift, sannu da zuwa. Wannan daga gidanka ne. Maman Gift ta kawo da hannunta, ta ce a ba Alhaji ya ɗanɗana girkinta."

Alhaji ba zai mayar da abincin matar maƙwabci ba, Malam kuma ba zai kushe girkin matarsa a gidan mutane ba.

"Bismillah, Malam. Kai ne baƙo."

"A'a, Alhaji, ai kai aka aiko wa."

Malam ya sa cokali ya tona har ƙasa, ko Allah zai sa an ɓoye tsoka. Bai samu ba. Haka suka ci, kowa yana tura wa ɗan'uwansa, kowa yana yabon girkin da ƙarfi saboda mai labule ta ji. Tiren ya koma ciki fes.

Da yamma Alhaji ya shigo fuska a ɗaure, ya tambayi wanda ya kai gulmarsa. Hajja ba ta ɗago daga tsince shinkafarta ba.

"Ba wanda ya kai, Alhaji. Ni dai ba na so a sake kirana daga kasuwa a ce in zo da sauri."

Alhaji ya nemi wuri ya zauna. Can ya ce in dai ya zama dole, a ƙara ƙuli da barkono, kuma kada a hana Malam zuwa, domin wannan wahalar ba ta mutum ɗaya ba ce.

Da gari ya waye Hajja ta yafa mayafi, ta ɗauki rabin kankana, ta nufi gidan Susanna su raba ranakun girki.