Turmin Bakin Layin Dogo

Amiru na ɗaure katifa a kan babur mai ƙafa uku, mahaifiyarsa Salamata ta fito daga ɗaki riƙe da tukunyar suya, ta tsaya tsakar gida kamar ta manta abin da ta fito yi.

"Inna, kawo mana in sa," in ji shi. "Rana na yi, gidana a Tampouy kuma ba nan kusa ba ne."

Ta miƙa masa. Ta kan katangar da aka shafa wa jan fenti tana hango allon da ma'aikatan gari suka kafa a bakin layin dogo. An zana wata tasha mai gilasai, da shaguna a jere, da mutane sanye da kwat suna shiga jirgin da zai riƙa kai su aiki cikin gari. Don ita ne aka ce duk gidajen wannan gefe na Zongo su tashi. Rabin layinsu ya riga ya zama tarin bulo.

Da ƙuruciyarta Salamata ta zo unguwar, lokacin da mijinta, marigayi Malam Labaran, yake fataucin goro. A zamanin nan jirgin da ke tasowa daga Abidjan yakan rage gudu a kwanar bayan gidansu, wani lokaci ma ya tsaya jiran a ba shi hanya. Da an ji kukansa, mata su kwaso faranti a guje. Fasinjoji na miƙo hannu ta taga, ana ciniki da Hausa da Mosanci da Faransanci a numfashi ɗaya. Ita ƙosai take kaiwa. Maƙwabciyarta Zalissa, Bamosa ce 'yar asalin wurin, ita ke bin ta da koko. Wanda ya sayi na ɗaya sai ya nemi na ɗayar. Daga baya jirgin fasinja ya yi ƙaranci, sai na kaya da ke wucewa ko kallo ba ya yi, su kuwa suka ci gaba da sana'arsu a gindin dalbejiya, suna sayar wa masu wucewa a kan babura.

Sallama ta katse mata tunani. Zalissa ce ta shigo ta ƙofar da suka huda a katangar da ke tsakaninsu tun 'ya'yansu na rarrafe. Ta ɗaura zanen fita, idanunta sun yi ja. Ita ma yau take tashi, ƙanenta ya ba ta ɗaki a unguwar Tanghin, kusa da lambunsa.

"Uwar Amiru, kin bar turmi," in ji ta.

Yana nan a inda ya saba, daidai bakin ƙofar, rabi a gidan wannan rabi a gidan waccan. Turmin kirya ne, ya yi baƙi, bakinsa ya sha hannu har yana sheƙi. A cikinsa aka daka waken ƙosai da geron koko, da yajin jegon kowacce haihuwa ta gidajen biyu.

"Ban bar shi ba, naki ne," Salamata ta ce. "Mijinki ya sassaƙo shi."

"Malam Labaran ya sayi icen."

"To, ni gidan Amiru zan zauna. Matarsa inji take kai niƙa. Har da tayil a tsakar gidan, in na yi daka sai ta ce na fasa mata ƙasa."

Amiru ya yi dariya. "Inna, Nabila ba ta ce haka ba."

"Za ta ce."

Zalissa ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin turmin, ta dafa gwiwa. "Ni da wa zan yi daka a can? Matan gidan salak da albasa suka sani. In na kai shi, kaji ne za su kwana a ciki." Sannan ta ƙara a hankali, "Hausar ma da na koya a bakin murhunki, wa zan yi wa?"

Nan Salamata ta ji abin da take dannewa tun safe ya taso mata. Ba ta yi kukan katanga ba ranar da aka shafa mata jan fenti, ba ta yi na dalbejiya ba ranar da aka sare ta. Ta juya baya tana gyara kallabi.

Amiru ya duba su, ya rage murya. "Iya Zalissa, in dai ba mai so, a bar shi kawai. Wuri ma ya ƙare a babur."

Duk su biyu suka juyo suka zuba masa ido, har ya koma ga igiyarsa.

Salamata ta share fuska da gefen mayafi. "Sauke buhun can, ka ɗora turmin. Tanghin za ka fara kai shi."

"Uwar Amiru, na ce miki..."

"Ke dai yi shiru. Tun muna da ƙuruciya kike ja da ni."

Amiru ya rungumi turmin yana nishi, ya ɗora. Da ya miƙa hannu zai ɗauki taɓaryar da ke jingine a bango, Salamata ta riga shi. Ta riƙe ta kamar sanda, ta nufi babur, ta hau gefen katifa ta ɗora ta bisa cinya.

"Inna, me za ki yi da taɓarya ba turmi?"

"Ita ma me za ta yi da turmi ba taɓarya?" Ta dubi Zalissa. "Ki jiƙa wake ranar Alhamis. Juma'a da hantsi ina tafe."

"Wa zai kai ki?" Amiru ya tambaya.

Zalissa ta gyara zani, ta kama hannun Salamata, ta hau ta zauna kusa da ita.

"Ja mu tafi, ɗana," ta ce. "Ka bi a hankali wajen tsallake dogo."