Muciyar Goggo Hindatu a Gareji

A-kori-kurar nan ita kaɗai mijina marigayi Bubayero ya bar mini, ban da shanu bakwai da ciwon gwiwa. Ita ke kai mana nono Dutse, ta ɗauko wa shanu kanwa daga kasuwar Shuwarin. Da damina ta wuce, Isah direba ya ce tsatsa ta kama ƙarfen ƙarƙashinta, in ba a gyara ba wata rana sai ta karye biyu da mu a ciki. Na kai wa Mika'ilu mai gyaran bodi a Yalwawa. Kwana biyu ya dawo da ita baƙa wuluk tana sheƙi.

Wata uku, fentin ya soma kumbura kamar ƙosai.

Ban yi boko ba, amma shekara hamsin ina wanke tukunyar ƙarfe. Na ɗauki muciyata, ni da Isah muka kai motar wajen shugaban makanikai, Malam Muntaka, aka kira Mika'ilu. Mika'ilu ya rantse aikinsa babu algus, wai tsofaffi ba su san mota ba. Na ɗaure zani, na durƙusa, na zungura muciya sau ɗaya. Fenti ya ɓanɓaro kamar ƙanzo, tsatsa kamar jar ƙasa ta zubo masa a takalmi.

Na ce, "Ɗan nan, uwarka ta taɓa shafa wa tukunya mai ba ta cuɗe ta da toka ba? Wankan amarya ka yi wa kuturu."

Garejin ya kwashe da dariya. Malam Muntaka ya shiga ƙarƙashi da kansa, ya fito da wani farin gari a yatsa, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Ya tambayi abin da nake lodawa. Na faɗa masa. Ya ce ai kanwar ce ke jiƙewa da ruwan sama, tana tsiyaya, tana cin ƙarfen.

Mika'ilu ya fara washe baki. Na nuna shi da muciya. "Kanwata ta yi sata, na yarda. Kai kuma ka ba ta ɗaki ka rufe ƙofa."

Hukunci ya faɗa kan mu biyu. Shi zai kankare ta da buroshin waya har ƙarfe ya fito fari, ya liƙa faci inda ya huje, jan fenti tukuna kafin baƙi. Ni kuma tamfal ƙarƙashin kowane buhu, da wanke cikinta duk ranar kasuwa.

Kwana huɗu ina zaune kan benci ina gadinsa. Fura dai na ba shi, don mai yunwa ba ya kankara da kyau. Ranar ƙarshe, kafin ya buɗe gwangwanin fenti, ya miƙo hannu.

"Goggo, ara mini muciyar."

Ya ƙwanƙwasa tun daga gaba har baya, ƙarfe yana amsawa garau. Na karɓi abata, na sake bi da kaina.