Madubin Kunkuru

"Baba, ai sai ka gaya mini abin da za ka yi da shi, sannan in san wanda zan ba ka," in ji Sadisu mai shagon waya a bakin kasuwar Rano, yana jera ƙananan kwalaye a kan kanta.

Malam Gwadabe ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. Abin bai fi sabulun wanka girma ba. Wai maifai sunansa. A sa masa layi, ya kamo sabis ya raba wa wayar da ke kusa da shi.

"Harkar aiki ce," ya ce. "In injin ban-ruwa ya lalace, in ɗauki hoton abin da ya karye in tura Kano a nemo mini irinsa. Shi ke nan."

"Ba kallo? Ba bidiyo kol?"

"Wa zan kalla? Ni yaro ne?"

Ƙarya Gwadabe ya yi, kuma irin wadda ko limami ya ji sai ya kau da kai. Ɗansa na fari, Jabiru, yana Jidda yana tuƙi, an yi shekaru ba a ga idonsa ba. Yau ake sunan ɗan da aka haifa masa. Ƙanwar Jabirun, Muhsina, ta bugo daga Kano ta ce bayan azahar Yaya zai kira ta bidiyo, a babbar wayar nan da ta ba su, don su ga jariri. Da aka faɗa wa Gwadabe, cewa ya yi, "To, ya yi ta kira mana." Matarsa Ramlatu kuwa ko ɗaga kai ba ta yi daga tsintar wake ba. A gidansu ɗan fari abin kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a nuna ɗokinsa, ba a tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Tun da aka yaye Jabiru aka miƙa wa kakarsa, bakin Ramlatu bai taɓa furta sunan nan ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan." Gwadabe kuma ya ce "mutumin Jidda."

Sai ga shi yau ɗin ma ba a gari za su yini ba. Gwadabe mai gyaran injin ban-ruwa ne, daga fadama sai fadama, kuma ya yi wa Mato na Kahu alkawari, don albasarsa ta fara kwanciya saboda ƙishi. Tun da ya bar tuƙin haya ya cire kujerun tsohuwar bas ɗinsa, ya shimfiɗa katifa, ya rataya labule, ya ɗaure randa da roba a lungu, ya ɗora farantin sola a sama. Da aka aurar da autarsu, Ramlatu ta ce ba za ta zauna gadin bango ba, ta ɗauko tukunyar ɗanwakenta ta shige. Mutanen Rano suka sa wa motar suna Kunkuru, don da gidanta take tafiya, kuma ba ta taɓa yin sauri ba. A fadamar Kahu kuwa waya ba ta kamawa sai mutum ya hau bishiya, Gwadabe kuma ya wuce hawan bishiya.

"To ga su," in ji Sadisu. "Wannan sai an jona shi a wuta kullum, na ofis ne. Wannan yana da batir, ya yini bai mutu ba. Kai da kake yawo a daji, shi ya dace da kai."

"Ba ni mai batirin."

"Sai layi. Wannan a cikin gari kamar walƙiya, amma kana wuce Kibiya zai yi maka sallama. Wannan kuma ba shi da sauri, sai dai shi Fulani ke riƙewa, har ruga yana bin su."

"Ba ni na Fulanin. Ni da Kunkuru ba ma gaggawa."

"Saura data. Akwai babba na wata, ka yi kallo, ka yi bidiyo kol har ka gaji. Akwai ƙarami na saƙo da hoto. Tunda hoton inji ne kawai, kada ka yi ɓarna, Baba. Ƙaramin ya ishe ka har ya yi saura."

Gwadabe ya buɗe baki zai ce babban. Sai ya ga Ishiyaku, maƙwabcinsa, zaune a benci yana jiran cajin waya, ya baza kunnuwa. Ishiyaku ya san suna ake yi yau a Jidda, kuma abin da Ishiyaku ya ji da hantsi, kafin la'asar ya kai majalisar mahauta. Ga Ramlatu tsaye a bakin ƙofa tana gyara mayafi. Yanzu a ce Gwadabe, da furfurarsa, ya sayi bidiyo kol don zumuɗin ɗan fari?

"Ba ni ƙaramin," ya ce, muryarsa a daƙile.

Suna isa wurin mota Ramlatu ta ce ta manta daddawa. Ta koma cikin kasuwa, ta daɗe har Gwadabe ya duba mai, ya duba ruwa, ya goge gilashi, ya danna hon. Da ta dawo hannunta babu komai.

"Ina daddawar?"

"Ba ta yi mini ba. Duk ta bara ce."

"Shi ne kika shanya ni a rana?"

"Malam, ja mu tafi, albasar mutane na mutuwa."

Kunkuru ta kama hanya tana tari, randa na kwacal-kwacal a baya. Suka wuce Kibiya, suka sauka daga kwalta, suka bi burtali har gindin wani mangwaro a bakin fadama, inda Mato ke tsaye da hannu a ka. Gwadabe bai taɓa gyaran inji da sauri irin na ranar ba. Ya kwance kafireto, ya busa, ya wanke da fetur, ya sauya fulogi. Ja ɗaya injin ya tashi, ruwa ya ɓalle cikin kwami.

"Kai, Malam Gwadabe, yau hannunka da wuta!" in ji Mato. "Sauri kake yi ne?"

"Saurin me? Ina da inda za ni ne?"

Ana idar da azahar ya nemi gora doguwa. Ya sa maifai a cikin safa, ya ɗaure a tsinin gorar, ya kafa ta a jikin kariyar kaya ta saman motar, ta yi sama kamar tuta. Mato ya tambaya ko maganin tsuntsaye ne. Kafin a ba shi amsa, wayar da ke aljihun Gwadabe ta ɗauki ƙara, ƙil, ƙil, ƙil, ba tsayawa.

"Ka ji shi!" Gwadabe ya washe baki. "Ka ji aiki! A tsakiyar daji fa!"

Bai san abin da ke shigowa ba. Wayar ta yi wata da watanni ba ta ga data ba, sai ta buɗe ciki. Bidiyon bikin 'yar ƙanwar Ramlatu, wa'azin da dangi ke turawa kowace Juma'a, hoton ragon layyar bara, wata akuya tana rawa, duk suka yi ta zubowa. Shi da Mato suka zauna a inuwa suna kallon akuyar suna ƙyaƙyatawa. Ramlatu na can gefen ƙofar direba, ta juya musu baya, tana jefa ɗanwake a tukunya.

Can wayar ta sauya kuka. Gwadabe ya gyara hula, ya kuma ji haushin kansa da ya gyara. Ya jingina wayar a kan akwatin kayan aiki, ya danna. Fuska ta bayyana, da gemu, gemun da bai san da shi ba.

"Assalamu alai..."

Fuskar ta daskare, baki a buɗe. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a kan goshinta, sannan allon ya yi baƙi. Saƙo ya shigo. Mato ya karɓa ya duba, ya girgiza kai.

"Data ta ƙare, Malam. Akuyar nan ce ta cinye."

Gwadabe ya girgiza wayar. Ya girgiza gorar. Ya tambayi inda ake sayar da kati, Mato ya ce sai cikin Kibiya, kuma babur ɗinsa na wurin ƙaninsa. In Kunkuru ce za ta je ta dawo, mutumin Jidda ya koma bakin aikinsa tuni, don Muhsina ta ce hutun da aka ba shi kaɗan ne. Gwadabe ya zauna a kan tayar safaya. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, don yana son yaron nan, so mai tsanani, kuma gemun da ya gani ya nuna masa yawan shekarun da suka wuce ba tare da shi ba. Ga shi saboda kunyar Ishiyaku, wanda ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su, ya sayar da rabonsa.

"Ba komai," ya ce da ƙarfi, don a ji. "Dama ba wani abu ba ne."

Ramlatu ta tsame ɗanwake, ta zuba a ruwan sanyi, ta goge hannu. Ba ta juyo ba. Ta kwance haɓar zaninta, ta miƙo hannu ta baya. Layi ne sabo, irin na Fulanin, ko ɓalle shi ba a yi ba.

"Gwada wannan. An ce babbar data ke ciki."

Gwadabe ya dubi layin, ya dubi ƙeyarta. "Ina kika samo?"

"Aike ne. Wata mata ce ta aike ni, ɗanta na nesa."

"Wace mata?"

"Ba ka san ta ba."

Mato ya kama tari ya nufi wajen albasarsa. Gwadabe ya sauke gora, ya sauya layi, ya mayar da ita sama. Sai yanzu ya gane irin daddawar da ta koma nema a kasuwa.

Wannan karon fuskar ta zauna daram. Jabiru ya rusuna ya gaishe su, idonsa a ƙasa. Gwadabe ya amsa yana kallon reshen mangwaro, ya tambayi aiki, ya tambayi zafin garin, kamar mai gaisawa da baƙo a tasha.

"Inna tana kusa?"

"Tana aiki," in ji Ramlatu daga bakin tukunya, bayanta a juye. "A gaida mai jego."

Sai Jabiru ya ɗago jaririn cikin farin tawul, jajir, ya dunƙule hannu. Nan fa kunya ta ƙare, don jika ba a jin kunyarsa, abokin wasa ne.

"Kai! Wannan ne ƙaton?" Gwadabe ya matso har hancinsa na taɓa allo. "Ji kai kamar tulu! Kai ne za ka ƙwace mini mata? Da me za ka ciyar da ita, ko haƙori ba ka da shi?"

"Ka bar mini angona," in ji Ramlatu. "Ya fi ka kyau, ya fi ka gashi."

"Wane suna aka raɗa masa?" in ji Gwadabe.

Jabiru ya sosa ƙeya. "Baba, ai... sunanka ne. Abba muke ce masa."

Gwadabe dai sunansa na yanka Abdulganiyyu. Ya ce Allah ya raya, Allah ya yi albarka, ya kuma faɗa, ya sake faɗa, yana kallon jaririn, ko da yake ba jaririn kaɗai yake nufi ba. Sannan ya koma tsokana, ya yi wa takwaran nasa alkawarin gadon Kunkuru da randarta.

Da Jabiru ya ce lokacin komawa aiki ya yi, Ramlatu ta ɗaga murya, har yanzu fuskarta na wajen tukunya.

"Angona, ka gaya wa mai riƙe da kai ya rame. Ya riƙa cin abinci. Kuma wannan tabon na gefen idonsa, da babu shi."

Jabiru ya taɓa gefen idonsa, ya yi dariya, ya share fuska da hannun riga. "Ya ji, Inna. Ƙofar mota ce, ya warke."

Bayan an kashe, suka ci ɗanwake da Mato, aka yi hirar farashin albasa. Gwadabe dai abin na cinsa. Matar da ba ta waiwayo ko sau ɗaya ba, ina ta ga rama, ina ta ga tabo? Shi da ya sa hanci a allo ma bai lura ba.

Da la'asar ta yi sanyi suka ɗaure kaya. Ya hau kujerarsa, ya tayar da Kunkuru, ya kai ido madubin gefe don ya ja da baya. Babu hanya a ciki. An karkatar da madubin ƙasa, yana haska akwatin kayan aiki, daidai inda wayar ta jingina, ga kuma shatin yatsa na garin ɗanwake a jikinsa.

Ya dubi Ramlatu. Tana zaune tana kallon gonar Mato kamar ita ta shuka ta.

Gwadabe ya miƙa hannu zai gyara madubin, sai ya fasa. Ya leƙa kai ta taga ya ja da baya a hankali.

"Matar nan da ta aike ki," ya ce, "ki tambaye ta ko za ta bar mana layin zuwa Juma'a. Ina jin akwai hoton injin da zan tura."

"Zan tambaye ta," in ji Ramlatu. "Ba ta da rowa."