Tulun Abduljalil

A shekarar da aka sauya wa ƙasarmu suna daga Dahomey zuwa Benin, matata Lubabatu ta tafi Djougou sunan jaririn ƙanwarta Tani, ta manta hanyar dawowa. Ni kuwa ina Parakou ina sayar da kilishi a bakin gar, wato tasha, direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, suna tambayata ko lafiya suka ga rigata ba wanki.

Ba faɗa muka yi ba. Da faɗa ne, da na san dattijon da zan tura biko. Ruwa ne ya riƙe ta.

Rijiyarmu ta unguwar Banikanni ruwanta nauyi gare shi. Sabulu ba ya kumfa, wake ya yi ta tafasa ya ƙi nuna, hannayen Lubabatu duk sun tsattsage. Shekara da shekaru ba ta taɓa ƙorafi ba, don ta ɗauka haka Allah ya yi ruwa a ko'ina. Sai da mijin Tani, Abduljalil, ya nuna mata ba haka ba ne.

Abduljalil ɗan gidan fataken goro ne, kuma na girme shi nesa ba kusa ba. Ya yi aiki a wata izin, wato masana'anta, a Cotonou, yana kula da tukunyar tururi, ya dawo gida da gashin baki da buhun wasu ƙwayoyi da izin ɗin ta gama da su. Duk wanda ya sauko daga Djougou labari ɗaya yake kawo mini: matarka ta ce a gaishe ka, ta ce ruwan gidan Abduljalil kamar na sama. Ni da na haƙa mata rijiya da hannuna ba a taɓa aika labarina ko'ina ba.

Na hau kamiyo na tafi. Bayan gaisuwa ya ja ni tsakar gida ya nuna mini wani tulu da aka huda wa gindi aka sa tuyo, ɗan bututun da ruwa ke fita. A ciki ƙwayoyi ne masu launin zuma, kamar ƙwan kifi.

"Rezin ke nan, Yaya," in ji shi. "Ɗan kasuwa ne kamar kakanninmu, musaya yake yi. Ruwa ya zo da alli, sai ya karɓe allin ya ba shi ɗan gishiri a madadinsa, kaɗan, harshe ma ba ya ji. In ya ƙoshi a jiƙa shi da ruwan gishiri, ya saki allin, a ɗauraye, ya koma bakin aiki."

"Ai na sani," na ce. Ban sani ba.

Lubabatu ta miƙo hannayenta. "Malam, dubi."

Na duba. Sun yi sumul kamar na amarya. Na ce ma sha Allah, da muryar mai ta'aziyya.

Da zan tafi ya ɗibo mini ƙwayoyin nan, ya naɗe a ganyen goro, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya ɗaure tsaf yadda suke ɗaure huhu.

"Abu ɗaya dai, Yaya, kada ka..."

"Abduljalil," na katse shi, "ina riƙe da wuƙar sana'a tun kana goye. Tulu ba zai gagare ni ba."

Lubabatu ta ce in je in haɗa tulun, za ta biyo Abduljalil ranar da zai kawo goro Parakou.

A gida na kwance ƙunshin, na tarar da shi sharkaf. A sana'armu danshi shi ne abokin gaba. Duk abin da kake so ya daɗe, rana za ka ba shi. Na ce mutanen goro ke nan, da za a bar su har 'ya'yansu a jiƙaƙƙen ganye za su naɗe. Na baza rezin a kan tabarmar shanyar kilishi, ina juya shi da kulawar da ban taɓa ba naman sa ba. Kaji suka ɗan taɓa rabonsu. Sauran ya bushe ƙayau, har na ji tausayin Abduljalil da bai san wannan dabara ba.

Na zuba a tulu, na kwara ruwan rijiya. Sai na ji yana ƙaf-ƙaf a hankali, kamar gero a kaskon suya. Ƙwayoyin suka farfashe suka zama tsaki, suka toshe ƙyallen da na sa a gindi. Ruwan da ke fita daga tuyo bai fi hawayen mai kukan ƙarya ba.

A haka suka same ni. Abduljalil ya sa hannu ya murza tsakin. Bai yi dariya ba, kuma wannan ne ban yafe masa ba har yau.

"Yaya, shanya shi ka yi?"

"Na ɗan nuna masa rana."

Lubabatu tana tsaye da ƙunshin kayanta a ka, ba ta sauke ba. Ta dubi tulun, ta dubi rijiyar, ta dubi hannayenta.

"Baban jariri," ta ce masa, "yaushe kamiyon zai koma?"

Na yi gyaran murya. Na matsa kusa da Abduljalil.

"Ƙanena, abin nan da ka so faɗa mini a Djougou."

"Kada ya bushe, Yaya. Kamar goro yake."

Ya fita ya dawo da wani jiƙaƙƙen ƙunshi.

"Yaya Luba ce ta ce in taho da wani. Ta ce ta san ka da rana."

Shi ya haɗa tulun, ni na riƙa miƙa masa kaya. Da ruwa ya zubo ta gwada da sabulu, kumfa ta tashi, sannan ta sauke ƙunshinta.

Tana gidana har yanzu, alhamdulillahi. Sai dai tulun ya samu suna. Kowace Juma'a kafin in tafi masallaci sai ta leƙo daga madafa.

"Malam, ka ba Abduljalil gishirinsa?"

Ni nake ba shi, da hannuna. Shayin gidan ya yi daɗi sosai, amma in ta tambaya cewa nake ganyen ne na canza.