Kyamarar Yelwa Mai Hoto

Akwai hali guda da na tsana ga babban mutum, shi ne jin kunyar ya ce bai sani ba. Yaro in ya yi haka, a yi masa faɗa ya bari. Mai furfura kuwa in ya riƙe halin nan, ba ya saki sai ya yi hasara. Shi ya ci Yelwa Mai Hoto a garin nan namu na Tambuwal, ina zaune ina gani.

Kada wani ya ɗauka Yelwa ƙaramin ma'aikaci ne. Tun shekarun da arzikin mai ya shigo, kowa ya sayi rediyo da agogo yana son a ɗauke shi riƙe da su, Yelwa ke ɗaukar hoto. Ya yi aiki da kyamarar nan mai ƙafa uku da ake lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya koma mai fim, yana da ɗakin wankin hoto nasa wanda ko matarsa ba ta taɓa ƙofarsa. Doka ɗaya ya riƙe shekara talatin: ba a buɗe kyamara da hoto a cikinta, haske na shiga zai ƙone komai. Gaskiya ce kuwa, a zamanin fim.

Sai fim ya fara wuya. Ƙanensa da ke aiki a Kaduna ya aiko masa da sabuwa, irin wadda ba ta cin fim, kana ɗauka kana ganin mutum a ɗan gilashin bayanta. Yelwa ya koyi dannawa, daga nan ya rufe bakinsa. In ta cika sai ya ɗauke ta ɗungum ya kai Sakkwato, a soka mata waya a zuƙe hotunan a buga masa. Bai taɓa cewa a nuna masa inda hoton ke zama a cikinta ba.

Yana da taubashi, Ɗanmaliki, mai gyaran agogo da rediyo a bakin kasuwa. Wannan mutum na daɗe ban ga irinsa ba. Bai yi boko ba, kamar ni. Teburinsa ɗaya, da farin faranti da yake jera ƙananan kusoshi bisa tsarin yadda ya kwance su, don in zai mayar kowace ta koma gidanta. Ba ya taɓa kayan mutum sai ya wanke hannu. In aka kawo masa abin da bai san cikinsa ba, a gaban mai shi zai ce bai sani ba, a ba shi kwana biyu ya tambayo. Lokacin da wayar salula ta shigo, da gemunsa fari ya hau mota ya tafi Sakkwato, ya zauna mako guda gun masu gyaranta, mutanen da ya haifi sa'o'insu, yana kallo yana tambaya. Har kyamarori ya ga an buɗe a can. Mutane sun yi masa dariya, ya dawo ya ci gaba da aikinsa.

To, a Fakku ta ƙasar Kebbe akwai Malam Gidaɗo, tsohon malami da ya haura tamanin, wanda Yelwa kansa ya yi karatu a gabansa. Malam bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ba ya cewa haramun ne, cewa yake ba ya so. Babbar ɗiyarsa Atu, ita ma tsohuwa da jikoki, ta yi shekaru tana roƙonsa, don 'ya'yan gidan sun watsu a garuruwa, akwai jikokin da ba su san fuskarsa ba. Ranar da jikanyarsa ta sauke Alƙur'ani, cikin wata damina, Malam ya ce a kira Yelwa, shi kaɗai. Ya naɗa rawani, ya zauna bisa buzunsa, ya ce sau uku za a danna, kada a ƙara. Yelwa ya danna sau uku. Atu ta sa aka kira shi bakin zaure, ta ce amana ce ta ba shi. Ya ce mata kafin Juma'a biyu za ta ga Malam cikin gilashi.

A hanyar dawowa an yi ruwa, rafin da ake ƙetarewa ya kawo. Yelwa ya tura babur ciki, ƙafar gaba ta zame, jakar ta sulluɓe daga kafaɗarsa. Ya tsamo ta da sauri, amma ruwa ya riga ya shiga. Ya danna, gilashin ya yi ƙyaf ya mutu.

Washegari ya biya teburin Ɗanmaliki, ga mu zaune mu biyar a benci. Ya ajiye ta yana cewa a ɗan duba masa daga waje kawai.

"Taubashi, wanka kay yi mata?" in ji Ɗanmaliki. "Kai da ba ka yi wa kanka sai Juma'a."

Muka yi dariya, Yelwa ma ya yi. Ɗanmaliki ya juya ta, ya girgiza ta kusa da kunne, ya tambaya ko an kunna ta bayan ta jiƙe. Yelwa ya ce sau ɗaya. Da aka matsa ya ce zai kai goma. Sai Ɗanmaliki ya ce abu fuɗu zai yi: ya cire batir, ya cire katin da ke cikinta, ya turbuɗe ta cikin busasshen gero kwana biyar ya tsotse damshin, sannan ya buɗe ya goge. Ya kai yatsa ga wata ƙaramar ƙofa a gindinta. Yelwa ya fizge abarsa.

"Da rana tsaka za ka buɗe ta? Hoton Malam na ciki."

Ɗanmaliki ya ajiye wasa. Na san shi, in ya kira mutum da sunansa to magana ta zama magana.

"Yelwa, ba wasa nika yi ba. Wagga ba ta ƙonewa da haske. Hoton ga wani ɗan kati shike, bai fi kan sarki na wasiƙa ba. Bari in fid da shi. Ko ita ta mutu, Malam na nan."

Yelwa ya dube mu, mu da ke benci. Na ga fuskarsa, ya san bai san katin ba. Kalma ɗaya ta rage masa, ya ce nuna mani. Maimakon haka sai ya laɓe bayan wasan taubasantaka, ya ce mai gyaran agogon da ke cin minti goma kullum shi zai koya masa hoto? Ya ce sanda ya fara ɗauka, Ɗanmaliki tocila yake gyara. Ɗanmaliki bai rama ba. Ya ce to ko batir ɗin kaɗai a cire, don muddin yana ciki tsatsa na cin ta. Ya ƙara da cewa in sabuwa zai saya, ya nemi ƙarama mai shiga aljihu, mai cin batirin rediyo da ake samu ko a ƙaramin gari irin Jabo, tunda wutar garin nan sai ta ga dama take zuwa. Yelwa ya naɗe kyamararsa cikin baƙin ƙyalle ya tafi.

Kwana fuɗu tana naɗe a ɗakin wanki, da batirinta a ciki, yana dannawa safe da yamma. Rana ta biyar ya shiga mota zuwa Sakkwato. Bai je inda ake buga masa hoto ba, don can an san shi. Ya shiga wani shago da ba a san shi ba. Mai shagon ya gwada, ya ce ta mutu. Yelwa bai tambayi kati ba, don tambayar za ta nuna Ɗanmaliki ya fi shi sani. Ya yanke wa kansa hukunci irin na fim, cewa ruwa ya wanke komai, kuma ai Malam na nan, zai koma ya roƙe shi a sake. Mai shago ya ce a bar masa tsohuwar, ya yi masa rangwame ga sabuwa. Aka jera masa biyar. Akwai ƙarama mai batirin rediyo, ya ture ta da bayan hannu. Ya ɗauki babbar cikinsu, baƙa, mai dogon baki, mai nauyi kamar dutsen guga, wadda sai an yi mata caji. Ya ce ita ta yi kama da ta mai sana'a.

Ya dawo da ita rataye a wuya, ya kwana biyu yana yawo da ita cikin gari. Kafin ya shirya komawa Fakku, aka aiko Malam Gidaɗo ya rasu bayan sallar azahar.

Bayan addu'ar uku, Atu ta sa aka kira shi bakin zaure. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ƙanena, kawo min babana in gani." Yelwa ya ce ana kan aiki.

Daga Fakku bai biya gida ba, sai teburin Ɗanmaliki. A nan na ƙara girmama mutumin nan. Da ya ga fuskar taubashinsa, ya ce mu yi haƙuri mu ba su wuri. Ni kaɗai na rage, don ƙafata ba ta tashi da sauri. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya karɓi sabuwar, ya buɗe ƙaramar ƙofarta da rana tsaka, ya zaro katin, ya mayar, ya kunna. Hotunan da Yelwa ya ɗauka cikin gari suna nan, ko ɗaya bai ƙone ba. Yelwa ya zauna ƙasa.

Ɗanmaliki ya rufe teburinsa, ranar kasuwa ce kuwa, ya ce su tafi. Suka isa shagon kafin la'asar. Ɗanmaliki ne ya yi magana, cikin ladabi, ya ce ba kyamarar suke nema ba, katin kawai. Mai shago ya jawo wani kwali, ga tsohuwar an kwance ta gunduwa-gunduwa. Ya ce katin lafiyarsa lau, ya goge shi ya sayar wa wani matafiyi tun kwana uku, bai san sunansa ba. Ya ce da an tambaya da ya bayar, ba a tambaya ba. Ɗanmaliki ya bi masu gyara layi-layi har magariba ko wani ya san mutumin. Babu. Shi ya raka Yelwa Fakku ya tsaya a bayansa sanda ya faɗa wa Atu gaskiya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta koma ciki.

Ga abin da Yelwa ya rasa. Ya rasa kyamarar da ƙanensa ya aiko, wadda wataƙila gero zai tayar. Ya rasa hotunan saukar yarinyar, arba'in da 'yan kai. Ya rasa aikin Fakku da ƙauyukan Kebbe, don tun daga ranar ko suna ba a sake kiransa ba. Babbar da ya zaɓa kuwa, in ya fita ƙauye da ita kafin azahar ta mutu, babu inda zai yi caji. Kuma ya rasa hoto uku na malaminsa, waɗanda babu na fuɗunsu a duniya.